Amsa ga mai fama da ƙarfen D2 da ya riga ya sha wuta

Wallahi ɗan'uwa, ina karanta tambayarka raina ya sosu. Ka ce D2 ne, ƙarfen nan da ake ƙera kayan yanka da shi, da aka riga aka taurara, kana son rage rabin milimita, amma haƙorin HSS, wato haƙorin yankan ƙarfe na yau da kullum a inji, sai ƙonewa yake, injin na ta ihu. Ka daina ɗora masa HSS, kuɗinka kawai kake ƙonawa. D2 in ya sha wuta yana kai 58 zuwa 62 a ma'aunin tauri na HRC, HSS kaɗan ya ɗara shi, to wa zai ci wani?

Ni wani mai buga faranti ne ya kawo min irinsa, ya rantse ɗanye ne. Na ɗora haƙorin kabayid, wanda ya fi HSS tauri, kafin ya zagaya sau biyu bakin ya ɓalle, na sa wani shi ma ya bi. Da mutumin ya dawo, a gaban yarana ya ce ban iya aiki ba, ya ɗauki ƙarfensa ko sisi bai ajiye ba. Yaran da nake koya wa sana'a suna tsaye suna kallon ƙasa. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take. Shi ya san ya kai shi wuta, ya ɓoye don kada kuɗin aiki ya hau!

Duk ƙarfen da aka kawo maka, goga masa magagari a gaban mai shi. In ya zame bai ci ba, ku sake ciniki tun a nan.

Rabin milimita dai da dutsen wasa zan cinye shi, farin dutse mai laushi, kaɗan-kaɗan, ruwa na zuba. Ka ga shuɗi ya fito, ka ƙona shi ke nan, tsagewa na tafe. In kuma dole sai a kan inji, nemi haƙorin CBN, wanda ya fi kabayid tauri, ci milimita 0.1 zuwa 0.2, gudu wajen mita 120 a minti, a bushe. Ɓarɓashin zai fito jajir kamar garwashi, kada ka tsorata, haka yake. Amma fa in injinka na da girgiza kada ka saya, tsada gare shi kuma nan take zai fashe.

Masu cewa ka gasa ka binne a toka don ya yi laushi, D2 ko a iska taurara yake. Sai tanderu, digiri 850 zuwa 870 a ma'aunin Celsius, ya riƙa hucewa a hankali, yana sauka wajen digiri 20 a kowace awa, sannan ka sake taurarawa, girman ma ya ɗan motsa.

Wane inji gare ka? Faɗa mana tukuna kafin ka kashe ko kwabo.