Ragowar Talotalon Bikin Godiya: Me Ya Sa Pot Pie Ɗina Yake Jiƙewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx, a birnin New York. Ranar Alhamis ta bikin godiya na Amurkawa, wato Thanksgiving, na gasa ƙaton talotalo, mun ci mun ƙoshi, amma fiye da rabi yana firji. Yara sun matsa sai na yi musu pot pie, wato nama da kayan lambu cikin romo mai kauri da ake lulluɓewa da kwaɓin fulawa a gasa. Bara na gwada, naman ya bushe, ƙasan kuma ya jiƙe kamar ɗanyen kwaɓi. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin komai ki duba kwanaki. Hukumar aikin gona ta Amurka ta ce dafaffen nama kwana 3 zuwa 4 yake yi a firji, wato talotalon Alhamis kada ya wuce Litinin. In kin san ba za ki samu sarari ba, yanyanka shi ki sa a firiza tun yau.

Matsalolinki biyu tushensu ɗaya: zafi ya zo a inda bai kamata ba. Naman nan ya riga ya dahu, ƙirjin talotalo kuwa ba shi da kitse, da zarar kin sake tafasa shi sai ya zama kamar zare a baki. Don haka shi ne ƙarshen abin da zai shiga tukunya, bayan kin kashe wuta.

Aikin gaske a romo yake. Don Allah kada ki zubar da ƙasusuwan. Ki zuba su a tukunya da albasa, tafarnuwa da ɗan citta, ruwa ya sha kansu, su yi awa biyu a ƙaramar wuta, sai ki tace. Wannan romon ya fi na kwali nesa ba kusa ba, kuma in ya huce za ki ga ya ɗan daskare, alamar ƙashin ya ba da abin da ke cikinsa ke nan.

Sai ki narkar da bota babban cokali 4, ki soya albasa, karas da seleri su yi laushi. Barbaɗa fulawa cokali 4, ki yi ta juyawa kamar minti biyu har warin ɗanyen gari ya tafi. Zuba romo kofi 2 da madara rabin kofi, kaɗan-kaɗan, hannunki bai tsaya ba, don kada ya yi gudaji. Kaurin da ake so ya fi na kunu: ki ja cokali a gindin tukunya, in ya bar hanya ta ɗan jima kafin ta rufe, ya yi. Gishiri, masoro, tayim. Ni nakan jefa attarugu rabi, domin na Amurkawa ba ya da yaji ko kaɗan, kuma bakinmu ya saba. Kashe wuta, sa nama kofi 3 da koren wake kofi 1.

Yanzu ki bar haɗin ya huce sosai. A nan nake zaton kika yi kuskure bara. In aka zuba shi da zafi a kan kwaɓi, botan da ke ciki yana narkewa tun kafin ya shiga obin, romo ya tsotse cikin garin, shi ke nan ƙasa ta jiƙe. Shawarata ma ki bar shimfiɗar ƙasa gaba ɗaya, ki yi murfin sama kawai. Ba mit-fai ba ne da za a riƙe a hannu, da cokali ake cin sa.

Kwaɓin murfi: fulawa kofi ɗaya da kwata, bota rabin kofi mai sanyi ƙalau, gishiri kaɗan. Murtsuka da yatsu, amma ki bar gutsattsarin bota kamar ƙwayar wake, su ne ke sa ya tashi falle-falle. Ruwan ƙanƙara cokali 3 ko 4 ya isa ya haɗe shi. Kada ki luda shi kamar na burodi. Ya huta a firji rabin awa. In kuma na kanti za ki saya, ki karanta jikin kwalin da kyau, wasu ana yin su da kitsen alade, za ki ga an rubuta lard.

Zuba haɗin a kwanon gashi, murza kwaɓin, rufe kwanon da shi, shafa ƙwai, ki tsaga wuri huɗu don tururi ya fita. Obin ya yi digiri 400 a ma'aunin Amurka, wato 200 a Salsiyas, minti 30 zuwa 35. Ki jira har sama ta yi ja, romon kuma yana ɓulɓulowa ta tsagar, wannan ke nuna tsakiyar ta ɗau zafi. Ki ajiye faranti a ƙasan kwanon saboda ɗiga.

In kin fitar, ko yara sun kewaye ki, ki ba shi minti 15 ya kama jikinsa kafin ki sa cokali.