Rediyo ta ce gobe zafi zai kai 43, toh sai me? Amsa ga wani manomi daga Argungu

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, ya aiki ya jama'a. Ni manomin shinkafa ne daga Argungu, muna noman rani a fadama. Wanga gargaɗin zafi da ake ta sanarwa a rediyo da waya wai gobe zai kai 43 ko 44, dan Allah mi amfaninshi? Mu cikin rana aka haife mu, kakanninmu sun yi noma ba su san wata hukumar hasashen yanayi NiMet ba. Amma abinda ya sa na rubuto, satin da ya wuce muna bugun shinkafa Babanmu ya yanke jiki ya faɗi wajen ƙarfe 1, ya haura shekara 60 kuma shina shan maganin hawan jini, muka yayyafa mishi ruwa ya farfaɗo, yanzu kuma ya ce shi sai ya koma gona. Mi za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya sa ku kwashe shinkafarku cikin albarka.

Bari in fara da inda kake da gaskiya. Ba wanda zai zo ya koya wa Bakabe cewa bazara na da zafi, kuma jikin da ya saba aiki a rana ya fi na ɗan ofis juriya, wannan haka yake ko a likitance, cikin sati ɗaya zuwa biyu jiki kan saba, zufa ta riƙa zuwa da wuri gishirin da ke fita a cikinta kuma ya ragu. Sai dai sabo na da iyaka. Zafin cikin jikin mutum 37 ne, in ya kai 40 ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa kenan, hanta da ƙoda su fara jin jiki, kuma a nan babu ruwan jiki da ko a ina aka haife ka.

Su kakannin da ka ambata ai suna da nasu tsarin. Sammako suke yi, rana na take tsaka sun koma gindin itace ga tulu ga farau-farau, sai ta yi sanyi su sake fita, da dare su kwana a tsakar gida ko ɗakin laka mai rufin azara. Mu kuma fa? Ɗakin bulo rufin kwano babu silin, ga leburori an biya su kuɗin wuni ana so a more, ga mai injin bugu yana ta duba agogo zai wuce gonar gaba, sai ka ga ana aiki ƙarfe 1 ƙarfe 2 kamar ba rana a sama. Zafin ma kanshi ya ƙaru a kan na zamaninsu.

Yanzu wannan lamba ta 43. Abinda da yawa ba su sani ba shine a inuwa ake auna ta, na'urar tana cikin akwati mai iska nesa da ƙasa, kai da ke tsaye tsakiyar fadama rana na dukan ka kai tsaye kana ɗaga dami abinda jikinka ke sha ya wuce haka nesa ba kusa ba. Sannan ba lambar rana ɗaya ce tafi ba mu tsoro ba, a'a kwanaki uku huɗu a jere da dare baya yin sanyi, mutum ya wuni a zafi ya kwana yana juyi a zafi, zuciya bata samu ta huta ba, ya tashi da bashin ruwan jiya a jikinshi ya ɗora na yau. Galibi a kwana na biyu na uku ake fara kawo mana mutane. Ga kuma zafin gab da damina, ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, lokacin da iska mai laima ta taso daga kudu ruwa bai sauka ba, zufa tana zuba amma bata bushewa, alhali bushewar ce ke sanyaya jiki ba zubar ba. Kai da idonka baka iya sanin cewa zafin yau zai zarce har jibi da gata, su masu hasashe suna iya gani, wannan shine abinda gargaɗin ya ƙara maka.

Ka tuna azumin 2024? Ranar 3 ga Afrilu garin Kayes na ƙasar Mali ya kai 48.5, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu a kwana huɗun farko na watan kaɗai, da yawansu tsofaffi ne da suka haura 60, sa'o'in Baba, kuma mutanen Sahel ne irin mu da suka saba da rana tun suna goye. Hajjin shekarar ma zafi ya kai 51.8 a Makka aka rasa alhazai sama da 1,300. A ɗaya gefen kuma akwai birnin Ahmedabad a Indiya, zafin watan Mayun 2010 ya ci musu mutum sama da 1,300, sai a 2013 suka fito da tsari, in hasashe ya nuna zafi na tafe a sanar da gari, asibitoci su shirya, a ajiye ruwan sha a hanya, a sauya lokacin aikin leburori. Binciken da aka yi daga baya ya ƙiyasta cewa ana tsirar da rai sama da 1,000 duk shekara. Ba su rage zafin rana ko kaɗan ba, lokacin aiki da shiri kawai suka canza.

Ni inda nake da ƙorafi shine gargaɗin da ya tsaya a Facebook da Turanci bai isa fadama ba, kamata yayi a ji shi da Hausa a rediyo, liman ya faɗa bayan isha'i, mai unguwa ya sa a yi shela, kuma a haɗa da abinda za a yi ba lamba tsura ba. Tunda kai Allah ya sa kana ji, toh ka zama kaine mai shelar gidanku.

In ka ji an ce gobe da jibi za a yi zafi, tun daren nan zaka kira mai inji da leburori a ce ana sallar asuba a fita, aiki mai nauyi a gama shi kafin ƙarfe 11, daga 12 zuwa la'asar a ajiye, a dawo da yamma. A kafa rumfa ko da ta zana ce a bakin gona, a ajiye ruwa a inuwa. Mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da zufa lita guda cikin awa ɗaya, don haka kar a jira ƙishi, leda ɗaya ta fiya wata duk bayan rabin awa ba ta yi yawa ba, ana kurɓa kaɗan kaɗan ba a ɗirka jarka lokaci guda ba. Fitsari shine ma'aunin talaka, in ya yi ja kamar shayi ko an wuni ba a yi ba jiki ya bushe. Wanda ya yi zufa sosai har jijiyoyi na ɗaurewa a ba shi ruwan gishiri da suga, ledar fiya wata biyu lita ɗaya kenan, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko a sayi na sacet a kemis. Fura da nono, kunu, kankana, gurji duk suna taimakawa. Wani abu da nake roƙon manoma su bari, a dawo gona jiki a bushe a wuce kemis a haɗiyi diclofenac ko ibuprofen saboda ciwon jiki, wallahi irin waɗannan magunguna a kan rashin ruwa suna iya taɓa ƙoda, a fara shan ruwa tukuna.

Sai maganar Baba. Faɗuwar da yayi ya farfaɗo da wuri tafi kama da galabaitar zafi, jini ya tafi fata don ya sanyaya jiki, ruwa ya ragu, ya miƙe tsaye jinin bai isa kai ba sai jiri sai faɗuwa. Tsoho baya jin ƙishi da wuri kamar yaro, zufarshi ma ta ragu, kuma cikin magungunan hawan jini akwai masu sa yawan fitsari da ke ƙara busar da jiki. Amma ba zan yanke hukunci daga nesa ba, suma a wannan shekarun tana iya zama zuciya ko suga, don haka ku kai shi asibiti cikin satin nan ku tafi da kwalayen maganin gaba ɗaya a gani, a auna jini a kwance da a tsaye, a duba suga da ƙoda. Kar ku tsayar mishi da magani da kanku dan Allah.

Wanda ya fi wannan haɗari kuma shine bugun zafi na gaske, a nan hankali ne ke gushewa. Na taɓa karɓar wani matashi ɗan ga-ruwa da aka kawo wajen la'asar yana surutai yana fizge-fizge, an naɗe shi cikin bargo wai zazzaɓi ne ake so ya yi gumi, wani cikin 'yan rakiya na cewa iska ce a fara kai shi wurin ruƙiyya, na taɓa wuyanshi kamar ka taɓa murfin tukunya. Muka yaye bargon muka jiƙa shi sharkaf ana fifita, Allah ya sa yana da sauran kwana. Toh duk wanda ka ga yana sambatu, ko tafiya na tangaɗi, ko jijjiga, ko ya suma bai dawo ba, jiki zafi rau, da zufa ko babu, a ja shi inuwa a rage mishi kaya a kwarara ruwa a jikinshi duka ba yayyafi ba, ku da ke bakin ruwa ma kun fi kowa sauƙi, a sa ƙanƙara in akwai a wuya da hammata da matsematsi, a nemi mota ana tafiya ana jiƙawa. Kar a ɗura mishi ruwa a baki in baya hayyacinshi zai shaƙe, kuma farasitamol baya sauke irin wannan zafin. In akwai ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ka tuna lokacin sanƙarau ne, a 2025 ya yi ɓarna a Gwandu da Aliero da Jega, shima asibiti ne ba jira.

Kar ka manta na gida. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono za a ƙara mishi ba ruwa ba, uwar ce zata yawaita sha, masu ciki da masu girki a gaban murhu da tsakar rana a matsar musu da girkin safe ko yamma. Fanka in ɗaki ya kai 40 iskar zafi kawai take hura maka, sai ka jiƙa riga ko zani tukuna ta yi amfani, in babu wuta ma jiƙaƙƙen zani da mafici suna aiki, da dare a fito waje amma cikin gidan sauro.

Shi kuma Baba nasan halin tsofaffinmu, in ka ce ya zauna gida kamar ka zage shi ne. Bayan likita ya gan shi ya amince, ku ba shi aikin da ya dace da girmanshi, ya fita da ku da asuba ya zauna a rumfa yana ƙirga buhu yana sa ido a kan awo, butar ruwa a gefenshi da yaro ɗaya kusa da shi, ƙarfe 10 a ɗauke shi a mashin a maida shi gida. Ranar da rediyo ta yi gargaɗi kuwa ku ce mishi yau shine mai jiran gida, kuma wani ya riƙa leƙa shi da azahar da la'asar ya tabbatar ya sha ruwa a gabanshi.