Wai da gaske maikirowef yana kashe amfanin abinci?

Tambaya: Salam likita, dan Allah surukata ce ta hana ni ɗumama wa yara abinci a maikirowef, wai yana kashe sinadaran abinci kuma yana kawo cutar kansa. Da gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Maganar kansa dai ki cire ta a ranki. Igiyar da na'urar ke saki dangin ta rediyo ce, tana kaɗawa sau biliyan 2.45 a daƙiƙa ɗaya, aikinta kawai ta jujjuya ƙwayoyin ruwan da ke cikin abinci har su ɗau zafi, ba irin hasken hoton ƙashi ba ce mai iya taɓa ƙwayar halitta. Kina kashewa ta ɗauke kamar ƙwan lantarki, ba abin da ke saura a abincin. Ragar nan mai ƙananan huji a gilashin ƙofa ita ke tsare ta a ciki, shi yasa in ƙofar ta lanƙwashe ko ba ta rufuwa sosai a haƙura da ita sai an gyara.

Batun sinadarai kuwa, ai kowane girki sai ya rage wani abu. Bitamin C da folet (wani nau'in bitamin B) zafi na lalata su kuma ruwa suke bi, ki tafasa kabeji a tukunya cike da ruwa ki tsiyaye, to da yawansu sun tafi da ruwan da kika zubar. Maikirowef kuwa ɗan ruwa kaɗan ne da minti biyu uku, sau da yawa ma ya fi tafasawa adana su.

Ni abin da ya fi damuna daban ne. Zafinsa ba ya game abinci bai ɗaya, za ki fito da shinkafar jiya gefe na ƙona yatsa amma ki sa cokali a tsakiya ki ji sanyin firij, to a wannan tsakiyar ƙwayoyin cuta suke tsira, gobe yaro na amai da gudawa a ce na'ura ce. Ki baza abincin a faranti, ki rufe, in ya yi rabi ki tsaya ki juya, ya ƙarasa ki bar shi kamar minti biyu kafin ki buɗe. Ragowar abinci ana so cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Celsius, wato turiri na tashi ta ko'ina.

Sai roba. Nan kam Mama tana da 'yar gaskiya, wasu robobin in sun ji zafi musamman da abinci mai maiƙo suna sakin sinadarai irin BPA, in kin ga roba ta motse ko ta yi tabon miya ki juye a tangaran ko gilashi. Leda kuma kar ma a fara.

Madarar jariri kar ki sa ta a maikirowef, kwalbar za ki ji ta da ɗumi a hannu alhali wani ɓangaren madarar na iya ƙona masa baki, ki tsoma ta a ruwan ɗumi kawai. Ƙwai da ɓawonsa ma haka, fashewa yake, wani lokacin sai kin fito da shi.