Amsa ga ɗan ƙanena game da arba'in ɗin Alhaji

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka tambaya tun kafin ka kashe kuɗinka. Ka tambaye ni ko za a buga riguna masu hoton kakanka domin addu'ar arba'in kamar yadda kake gani a unguwa, sannan ka nemi sanin dalilin da ya sa ni da mahaifinka muka hana a ba da hayar ɗakin da ke bakin zaure, alhali ɗaki a unguwar Aboabo ta Kumasi, a nan Ghana, yanzu kuɗi ne.

Abin da kake gani wurin maƙwabtanmu Asantawa al'adarsu ce, kuma ba abin raini ba ce. Sukan ajiye gawa makonni har dangi su hallara, su sa baƙaƙe da jajayen tufafi, a kafa rumfuna, a yi kiɗa, a sanar da gudummawar kowa. Kakanka yakan je ya zauna da su ya ba da tasa, domin da manomansu ya yi ciniki tsawon rayuwarsa. Mu kuwa ka ga yadda muka yi: ya rasu da asuba, kafin la'asar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an sallace shi, an kai shi makwancinsa a maƙabartar Tafo. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in gado ne daga iyayenmu, kuma gaskiya ita ce ba a ƙayyade waɗannan ranaku a Alƙur'ani ko hadisi ba, shi ya sa malaman Ahlus Sunna suke hana su, malaman Tijjaniyya da yawa kuma suke ɗaukarsu a matsayin sadaka da addu'a. A ganina za mu yi tamu daidai ƙarfinmu, a sauke Alƙur'ani, a raba masa ga yara da mabuƙata, ba tare da an ci bashi ko an buga hoto ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, cewa aikin mutum yana yankewa da mutuwarsa sai abu uku: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a.

Maganar ɗakin ta fi tsawo, domin sai ka san yadda aka yi muka zo garin nan. Kakanninmu fataken goro ne. A da Salaga, a arewacin Ghana, ita ce kasuwar da ayarin Hausawa yake sauka, amma bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai ciniki ya yi ta gangarowa kudu. Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, goro ya fara bin teku zuwa Legas, daga can ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Baƙon da ya zo sayen goro bai san gari ba, bai ji Twi, harshen Asantawa, ba, saboda haka sai ya sauka wurin mai masauki, wanda zai ba shi wurin kwana da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan za a ba shi kaya bashi. La'ada kawai mai masauki yake samu. Wannan sana'a Alhaji ya gada wurin mahaifinsa, kuma ɗakin nan shi ne masaukin.

Ku jikoki kun san shi tsoho mai zama kan buzu yana tsokanarku, mu kuwa mun san shi da ƙarfinsa. Da an idar da sallar asuba yana wurin goro, yana zaɓe da hannunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ware marsa, wato manya, daga minu, wato ƙanana, ya fitar da duk wanda sankara ta taɓa, domin guda ɗaya yana iya lalata huhun goro gaba ɗaya. Yakan shimfiɗa ganye a kwando, ya yayyafa ruwa kaɗan, bayan 'yan kwanaki ya kwance ya sake dubawa. Yatsunsa sun rine da jan goro har ya bar duniya. Da daddare kuma ba ya sa hannu a tuwo sai ya aika ɗayanmu ya leƙa zaure ya ga ko akwai wanda bai ci ba, kuma sau da yawa kwanon da aka zuba masa shi ne yake fita.

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Ina yaro a lokacin, amma ban manta da motocin da suka cika da mutane da tabarmi ba. Allah ya sa Alhaji yana cikin waɗanda suka zauna, sai abokansa suka riƙa kawo masa amana, wani keken ɗinki, wani akwati, wani takardun gida. Ya rubuta kowanne da ajami a wani littafi mai baƙin bango, ya jera kayan a ɗakin nan. Waɗansu sun dawo bayan shekaru, waɗansu 'ya'yansu ne suka zo, kuma kowa ya karɓi nasa cif. Daga baya cinikin goro ya ja baya, amma bai rufe ɗakin ba. Ɗalibai daga arewa da masu jinya a asibitin Komfo Anokye sun kwana a cikinsa ba tare da sun biya ko sisi ba.

Ya faɗa mana a gaban shaidu cewa a bar ɗakin yadda yake, kuma wasiyya tana zartuwa matuƙar ba ta wuce sulusin dukiya ba, wannan kuwa bai kai ba. Kafin a raba gado sai an biya bashi, don haka ranar arba'in za a sake yin shela, duk mai bin sa ya zo ya faɗa. Kakarka tana takaba wata huɗu da kwana goma, ku riƙa zuwa kuna zama da ita. Akwai kuma tsofaffin abokansa a Alabar da Asawase da yake aika wa hatsi duk azumi, sunayensu suna ƙarshen littafin nan, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa sada zumunci da masoyan uba yana cikin mafificiyar biyayya.

Kuɗin da ka ware domin riguna, ka tura wa mahaifinka a sayi kwano a gyara rufin ɗakin, domin yana yoyo ta kusurwar gabas. Ka yi ƙoƙari ka iso kwana biyu kafin ranar, ni da kai za mu zaga gidajen tsofaffin nan su san fuskarka. Allah ya jiƙan Alhaji, ya yi maka albarka. Ka gai da mai ɗakinka da yara.