Ana Iya Auna Farin Ciki a Zuciya da Ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Agogon hannuna yana nuna mini wata lamba ta "bambancin bugun zuciya", kuma na ji ana cewa takan hau idan mutum yana cikin farin ciki ko godiya. Da gaske ne? Ta yaya masu bincike suke auna wannan, har da na ƙwaƙwalwa? — Wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Akwai gaskiya a ciki, amma sai an yi taka-tsantsan.

Lafiyayyar zuciya ba ta bugawa daidai wa daida. Tazarar wannan bugu da na gaba za ta iya zama milisakan 820 (milisakan 1,000 ne sakan ɗaya), ta bayanta 870, sannan 790. Jijiyar vagus, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa, ita ce ke taka wa zuciya birki. Idan kin ja numfashi birkin ya ɗan saki, idan kin fitar ya sake kamawa. Wannan hawa da saukar ake aunawa da na'urar ECG mai ɗaukar lantarkin zuciya, a fitar da lamba kamar RMSSD, wadda ke nuna yawan bambancin tazarar bugu da bugu. Tun 1996 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Arewacin Amurka suka tsayar da minti 5 a matsayin gajeren awo.

A ɗakin gwaji, mutum zai zauna shiru ya huta, ba tare da ya sha kofi ko sigari ba kafin lokacin. A ɗauki minti 5 na zaman kawai, sai a nuna masa gajeren bidiyo mai daɗi ko a ce ya tuna wani da yake ƙauna, a sake ɗauka. Dole kuma a nuna masa wani bidiyon da ba ya motsa rai, domin a samu abin kwatantawa. Bayan haka a bi bugun ɗaya bayan ɗaya a tsince waɗanda suka zo ba a kan ƙa'ida ba, saboda guda ɗaya tak ya isa ya kumbura lambar.

Babban tarkon shi ne numfashi. Duk wanda ya sassauta numfashinsa zuwa kusan sau 6 a minti, lambarsa za ta yi sama ko da ransa a ɓace yake. Shi ya sa ake ɗaura wa mutum bel a ƙirji mai ƙirga numfashi. Binciken da bai yi haka ba, ba ma ba shi nauyi sosai. Sannan farin ciki iri-iri ne: natsuwa da gamsuwa daban, murnar da ke sa mutum tsalle daban, domin ita kan hanzarta zuciya ne. Abin da ya fi burge mu shi ne aikin Barbara Fredrickson da Robert Levenson na 1998. Sun tsoratar da mutane da wani bidiyo, sannan suka nuna musu na biyu. Waɗanda suka ga na ban dariya ko na natsuwa, zuciyarsu ta fi saurin komawa yadda take.

Ƙwaƙwalwa kuwa, da EEG ake aunata, wato na'urar ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwa. Ana sa wa mutum hula mai ƙananan faifan ƙarfe da ke taɓa fatar kai, a shafa musu wani jel mai sauƙaƙa wucewar lantarki, a jera su bisa tsarin da ake kira 10-20. Masu wannan bincike sun fi sa ido a kan F3 da F4, wato gaban kai ta hagu da ta dama, suna duba igiyar lantarkin ƙwaƙwalwa da ake kira alfa, mai kaɗawa sau 8 zuwa 13 a sakan. Inda alfa ta ragu, nan aiki ya ƙaru. Richard Davidson na Jami'ar Wisconsin ya danganta ƙarin aikin ɓangaren hagu da jin daɗi, sai dai daga baya an gano fushi ma yana kawo hakan, don haka alamar ta fi nuna yunƙurin tunkarar abu. Ga kuma wata matsala: siginar ƙwaƙwalwa 'yar mitsitsiya ce, ƙiftawar ido ko cije haƙora sun isa su binne ta, hatta murmushin da ake nema yana motsa naman fuska ya gurɓata awon. Wayoyin lantarkin ɗakin ma suna shigo da hayaniya mai kaɗawa sau 50 ko 60 a sakan, sai an tace.

Shi kuwa agogonki, da haske yake karanta gudun jini a wuyan hannu, kuma motsi kaɗan yana rikita shi. Ki auna da safe bayan tashi, a zaune, a lokaci guda kullum, ki kwatanta lambarki ta yau da taki ta makonnin baya, ba da ta wani ba, domin shekaru da barci da rashin lafiya duk suna sauya ta. Idan kuma kina jin zuciya tana tsallake bugu tare da jiri ko ciwon ƙirji, ki je likita ya yi miki ECG.