Na gyara hoton kawuna da AI, sai fuskar ta koma ta wani daban

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon haɗa katun na 3D a nan Zariya, kuma ina so in yi ɗan gajeren fim da kawuna zai fito a matsayin mai ba da tatsuniya. Hoton da nake da shi na wajen ɗaurin aure ne, ta WhatsApp aka turo min, ya ɗan dushe. Na sa shi a wata manhajar gyaran hoto ta AI ya fito tar, sannan na shigar da shi Headshot, wato abin da yake mayar da hoton fuska ya zama kai na 3D a cikin manhajar ƙera mutanen katun ta Character Creator. Kan da ya fito ya yi haske fiye da kawu, billensa ya ɓace, kuma akwai wani baƙin tabo a gefen hanci duk inda na juya fitila. Ina na yi kuskure?

Amsa: Wa'alaikumussalam, ɗan'uwa. Matsala biyu ce ta haɗe maka, kuma babbar ta faru tun kafin ka buɗe Character Creator.

Manhajojin nan masu fito da hoto tar ba dawo da abin da ya ɓace suke yi ba. Abin da WhatsApp ya matse ya zubar ya tafi ke nan. Ita manhajar ta kalli dubban fuskoki a lokacin da ake horar da ita, don haka idan ta tarar da wuri a dushe sai ta cike shi da abin da ta saba gani. GFPGAN, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, wadda kamfanin Tencent ya fitar a 2021, an horar da ita da tarin hotunan FFHQ, fuskoki 70,000 da aka kwaso daga shafin ajiye hotuna na Flickr. Fuska mai bille ko tsage irin na mutanenmu ba ta da yawa a irin wannan tari, shi ya sa manhaja take ɗaukar billen kawunka a matsayin ƙarzuwar hoto, ta goge. Haka hasken fata. A 2020 an sa dusasshen hoton Barack Obama a wata manhaja mai suna PULSE, ta mayar da shi Bature sak. Abin da ya sami kawunka ɗan'uwan wancan ne, kuma yana ci min rai, domin waɗannan alamomin su ne suke sa jika ya kalli allo ya ce ga kakana can.

Baƙin tabon gefen hanci kuwa inuwa ce. Headshot yana ɗaukar hoton ne ya lulluɓa shi a kan siffar da ya ƙera, kamar fata. Idan a wajen ɗaurin auren rana ta bugo daga dama, inuwar hancin ta zama fenti a jikin fatar, ko ka kai fitila bayan ƙeya ba za ta motsa ba.

Tunda kawu yana nan da ransa, shawarata ka sake ɗaukar hoton. Minti goma ya ishe ka. Ka zaunar da shi a inuwa mai wadataccen haske, bakin zaure ko ƙarƙashin rumfa da hantsi, ya fuskanci inda hasken yake shigowa. Ka ba wani yaro farin zani ya riƙe daidai ƙirjinsa, za ka ga duhun ƙasan haɓa da na kwarmin ido ya washe. Kada ka yi amfani da kyamarar gaba, kada kuma ka matso kusa: daga nisan hannu hanci yana ƙara girma, kunnuwa su noƙe baya, kuma da wannan karkatacciyar siffar za a ƙera kan. Ka ja baya kamar mita 2, waya daidai tsayin idonsa, ka jawo hoton da kyamarar 2x idan wayar tana da ita. Ka kashe abin nan mai gyara fata ya yi sumul, domin a wayoyi da yawa a kunne yake zuwa. Baki a rufe, ba murmushi, ba tabarau. Hula ma sai an cire. Na san ba ƙaramin abu ba ne ka ce wa dattijo ya cire hula, to ka yi masa bayani cikin ladabi cewa za ka ƙera masa ita daban a manhajar 3D ta Blender, ka ɗora masa daga baya. Ka ƙara da hoton gefen dama da na hagu, za su yi maka amfani wajen daidaita tsinin hanci da haɓa, kuma idan wata rana ka koma FaceBuilder na kamfanin KeenTools, wanda shi ma yake ƙera kai daga hoto, shi da hotuna daga kusurwoyi da yawa yake aiki. Wajen kai su kwamfuta ka yi amfani da kebul, ko ka tura a matsayin fayil, kada WhatsApp ya sake matse su.

To ina amfanin AI? Yana nan, a ƙananan ayyuka. Ka bar shi ya cire bayan hoto, ya rage ƙura-ƙuran da ƙarancin haske yake jawowa, ya share ƙyallin maiƙo a goshi. Idan akwai ragowar inuwa a kunci ɗaya, ka zagaye wurin kaɗai ka gyara, kada ka miƙa masa fuskar gaba ɗaya. In kuma dole ce ta sa sai da tsohon hoton za ka yi aiki, gwada CodeFormer, wata manhajar gyaran fuska irin GFPGAN, domin tana da ma'auni daga 0 zuwa 1: kusa da 0 hoton ya fi kyau amma kamanni suna gudu, kusa da 1 ta fi riƙe ainihin mutumin. Ka ɗora sakamakon a kan na asali a Photoshop ko GIMP, ka riƙa kunnawa kana kashewa. Duk inda ka ga ido ya canza girma ko leɓe ya sirance, ka goge wurin na asalin ya fito. Billen kuma ka dawo da shi da hannunka, kana kallon kawu ko wani hotonsa mai kyau.

Kafin duk wannan ka nemi izininsa, ka faɗa masa a fili cewa fuskarsa za ta yi magana a fim, kuma mutane za su gani a intanet. Manhajojin waya da yawa suna tura hoton ne zuwa kwamfutocin kamfaninsu kafin su gyara, amma GFPGAN da CodeFormer za ka iya sauke su a kwamfutarka, hoton kawu bai fita ko'ina ba.