Hajiya, kar ki zuba wannan man a injin jirginki

Wata Hajiya daga Nima ta turo min tambaya. Tana saro kifi banda daga Yeji, bara ta sa kudinta ta sayi kwale-kwale da inji Yamaha 40 ta ba yara suna mata aiki a tafkin Volta. Firimis, wato shudin fetur din da ake hadawa da man inji a sayar wa masunta, ya yi wuya, sai wani ya kawo mata tallan mai a duro, yace fetur ne aka hada da itanol mai yawa, kuma ya fi na gidan mai araha sosai. Wai ta saya ta ajiye?

Hajiya dan Allah ki rike kudinki. Itanol din nan shine dai sinadarin da ke cikin akpeteshie, barasar gargajiya ta Ghana, daga rake ko masara ko rogo ake yinsa, kuma ba wai ba ya ci da wuta bane, a Brazil motoci da shi suke yawo. Amma injinan jirgin ruwa na Yamaha da Suzuki da Mercury duk iyakarsu itanol kashi 10 cikin 100 ne a cikin fetur, wanda ake cewa E10. A Amurka ma da aka yarda da E15 an yarda ne wa motocin 2001 zuwa sama, injin jirgin ruwa an hana.

Mu fara da lissafi tunda shi ya ja hankalinki. Karfin itanol bai kai na fetur ba, ya gaza da kusan kashi daya cikin uku, toh in man nan irin E85 ne tafiyar da yaranki suke yi da galan Kufuor (jarkar nan mai ruwan dorawa) hudu sai sun kona wajen biyar ko fiye. Kin ga rangwamen da ya miki ya tafi tun ba a jefa taru ba.

Abin da ya fi daga min hankali kuwa ruwa ne. Itanol yana jan danshi daga iska, ke kuma sana'arki a kan ruwa take, duro na ajiye a bakin tafki, safe raba rana zafi. In ya sha ruwa ya koshi sai ya rabu da fetur, shi da ruwan su kwanta a kasan tanki, kuma daga kasan ne tiyo yake zuka. Injinki irin wanda ake hada masa fetur da man inji wuri daya ne, man injin yana bin fetur ya tsaya sama, kenan abin da zai shiga ciki ba maiko ko kadan, fistan ya yi ta guga a bushe har ya kame. Ga shi yana cinye tsohon tiyo da robobin kafireta. Kuma inji ya mutu a tsakiyar Volta ga iska ta taso ga kututturen itatuwa a karkashin ruwa, wallahi wannan ya wuce maganar sidi, 'ya'yan mutane ne a ciki.

In kina so ki gani da idonki, samu kwalba mai haske ki zuba ruwa kadan ki sa alama inda ya tsaya, ki cika da man, ki girgiza ki ajiye minti goma. In layin ruwan ya hau sama da alamar, itanol ne ya koma cikinsa, yawan hawan shine yawan hadin.

Kudin duron nan ki raba shi. Ki yi magana da kwamitin da ke raba firimis a bakin ruwan Yeji a san da jirginki, duk sanda shudin man ya sauka ki samu rabonki. Ranar da babu, a sayi fetur a gidan mai na gaskiya a hada da man inji na tu-ti (2T, wanda ake hadawa da fetur) yadda littafin injin ya fada, ki dora karin a kan kudin kwando, masu sayen kifinki a Accra sun san mai ya yi tsada. Ragowar ki sa makaniki ya daura miki filta mai tace ruwa, kuma ki ce wa yaran su daina ajiye hadadden mai ya wuce wata daya.